Gwangwanin Aji Huɗu

Ran Litinin, bayan hutun tsakiyar zango,
na sauko da gwangwanin madara daga kan kabad.
Tsatsa ta ci bakinsa,
gizo-gizo ya naɗa masa rawani.
Jirgin safe ya yi kuka a tashar Rigasa,
tagoginmu suka amsa da rawar jiki.
Na ce, yara, yau za mu kira Satumba ta ba da shaida.

Wata biyar ke nan
da kowa ya yagi takarda,
ya rubuta burinsa, ya ninke, ya jefa.

Ta farko ta Tanimu ce:
"Zan haddace sau har gidan sha biyu."
To, bakwai sau takwas?
Ya dubi silin, ya ƙirga yatsunsa,
ya ari na maƙwabci.
Hamsin da shida, Malama!
A gidan takwas ya yada zango,
tara ta tare masa hanya
kamar kwatar layinsu da damina.
Na ce a tafa masa.
Sannu ba ta hana zuwa.

Lantana ta ce ba za ta ƙara makara ba.
Rajista ta ce sau sha ɗaya.
Rajista ba ta san layin famfo ba,
ba ta san jarka biyu kafin koko ba.
Bara sau arba'in ne.
Wannan ni na tuna, ba jan biro ba.

Bitrus zai daina faɗa.
Aji ya tuntsire da dariya,
shi ma ya dara, giɓinsa a waje.
Sai Indo ta ɗaga hannu:
ran da aka ƙwace mata fensir
shi ya karɓo,
kuma hannunsa na cikin aljihu.
Shiru ya ɗan zauna tare da mu.

Akwai takardar da ba mai amsa ta.
"Ina so in karanta saƙon babana a waya da kaina."
Mati.
Sun tashi zuwa Saminaka tun Disamba.
Wurinsa a benci ya cike,
yara uku sun ɗan sake kafaɗa.
Ban sani ba ko ya karanta.
Na mayar da ita yadda ya ninke ta.

Ta taga ina hango na manya:
hedimasta ya ce biyar za a rufe,
iyaye sun yi karo-karo, kwano ya kai aji uku,
biyu na kallon sama, ga bazara ta kankama.
Baba Dogara mai gadi ya dasa mangwaro sha biyu,
awaki sun yi wa bakwai jarrabawa.
Sauran biyar yana ba su ruwa da buta,
yana kiran su da sunayen jikokinsa.

Na ɗaga murfi zan rufe,
Kande ta ce, Malama, saura ɗaya.
Na san rubutun.
"Zan rataye bulala.
Zan taka ƙofar gidan kowane yaro."

Yara sittin da uku.
Gida tara na shiga.
Bulala tana bayan ƙofa,
ba ta yi ƙurar da na so ba.
Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Na ce, ku ba ni maki.
Suka haɗa kai, suka yi ta ƙus-ƙus.
Tanimu ya miƙe:
huɗu bisa goma,
amma a tafa mata.

Aka tafa.
Na juya ga allo ina goge abin da babu.

Muka sake yagar takarda, ƙanana wannan karon.
Tanimu ya rubuta "tara" kawai.
Lantana ta rubuta "biyar".
Ni na rubuta: gidan su Lantana, Asabar,
in ga famfon da idona.

Gwangwanin bai koma kan kabad ba.
Yana kan tebur, kusa da alli,
baki buɗe,
yana jiran Yuli tare da mu.